Kafin ku ɗau doguwar hanya a kan keke

Ƙannena, kuskuren farko da muka tafka, mu da muka riga ku hawa keke zuwa garuruwa masu nisa, shi ne yarda da lokacin tafiya da taswirar waya ta nuna. Lissafin na mota ne. Keke mai kaya, idan an haɗa da tsayawa shan ruwa da sallah, kilomita 12 zuwa 15 yake ci a awa. Saboda haka Kano zuwa Daura ta Dambatta da Kazaure, da ya haura kilomita 100, sabon shiga ya raba shi kwana biyu, ya kwana a Kazaure.

Ku sauke taswirar a waya tun kuna gida. Google Maps yana bari a sauke yanki, amma idan babu intanet hanyar mota kaɗai yake fitarwa. Manhajojin taswira na OsmAnd da Organic Maps suna fitar da ta keke ko babu sabis. Duk da haka ku rubuta sunayen garuruwan a jere a takarda, da tazarar da ke tsakaninsu, ku sa a leda. Rana na dukan waya ta yi zafi ta mutu, takarda kuwa ba ruwanta da caji.

Inda taswira ta fi yaudara shi ne siririn layin nan da ke yanke hanya. Ba ta faɗin ko kwalta ce, ko burji, ko rairayi. Ku buɗe hoton tauraron ɗan'adam ku ja shi kusa: baƙin layi kwalta, ja burji, fari-fari kuwa yashi ne, kuma a yashi tura keken za ku yi, kilomita 3 ya cinye muku awa guda. Irin wannan yanke ya sha sa mu isa gari bayan isha'i. Da damina kuma, rafin da aka tsallake da ƙafa a watan Maris yana iya tsayar da ku yini guda a Agusta. Maganin duk wannan tambaya ce. Ku shiga tasha ku tambayi direbobi da 'yan acaɓa, su da suka bi hanyar jiya. Su ne kuma za su faɗa muku inda ba a bi saboda tsaro, kuma in sun ce a'a, magana ta ƙare.

Iska ma tana cikin lissafi. Ta hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, mai nufar Daura ko Gumel daga Kano da ita zai yi ta kokawa, mai dawowa kuwa tura shi take yi. Da bazara a tashi da an idar da asuba, a nemi inuwa da ƙarfe 11, sai bayan la'asar a ci gaba. Ruwa kamar lita ɗaya kowace awa, wato fiyawata biyu, kuma kada a bar gari da gora rabi. A duba ranar kasuwa: hanyar Wudil ran Juma'a manyan motocin dabbobi ba sa barin wa mai keke gefen titi.

Kayan gyara: tiyub biyu, faci da sholisho, famfo, sifana. Ku tabbatar bakin famfon ya yi daidai da bawul ɗin tayarku, domin siririn bawul na kekunan tsere ba kowane mai faci a ƙauye ne ke da abin busa shi ba. Idan tsidau ya huda taya, kada ku sa sabon tiyub sai kun shafa cikin tayar da yatsa a hankali kun zare ƙayar. In ba haka ba, ba za ku yi kilomita ɗaya ba ta sake sacewa.

In dare zai riske ku a ƙauye, ku isa da sauran rana, ku nemi gidan mai unguwa ku yi sallama, ku faɗi daga inda kuke da inda za ku.