Gadar da ta cinye kuɗi

Faransancin da na koyo a makaranta a Damagaram ya ishe ni sayen burodi da cike takardun zama, amma bai ishe ni shiga hira ba. Faransawa musu a kan fim ne abincinsu. Wata dattijuwa da muke aiki tare a gidan abinci a Paris ta ce mini, "Yaro, ka riƙa sauraren Le Masque et la Plume a France Inter ranar Lahadi." Tun 1955 ake wannan shirin rediyo: masu sharhi su zauna gaban jama'a su yi wa aikin mutum kaca-kaca, a yi dariya, a watse. A wajenmu rashin kara ne wannan.

Ta nan na shiga tonon tsofaffin rigingimu har na faɗa kan fim ɗin Les Amants du Pont-Neuf na darakta Leos Carax, wanda ya fito a 1991. Soyayya ce tsakanin marasa matsuguni biyu masu kwana a kan gada mafi tsufa a Paris. Juliette Binoche da Denis Lavant suka fito a ciki. An ba da izinin ɗauka a kan gadar, sai Lavant ya ji ciwo a hannu, wa'adi ya wuce. Dole aka koma kan gadar kwaikwayo da aka gina a Lansargues, kusa da Montpellier, har da gidajen gefenta. Kuɗi suka ƙare, aiki ya yi ta tsayawa, aka kwashe wajen shekara uku. Kafin kowa ya ga fim ɗin, jaridu sun gama laƙaba masa sunan almubazzaranci. Mujallar Cahiers du cinéma ta tsaya masa, amma masu kallo a Faransa ba su kai miliyan ɗaya ba, uwar kuɗi ba ta dawo ba.

Galibin abin da na karanta lissafin faranka ne. Ni kuwa farkon fim ɗin ya kama ni: motar da ke kwasar masu kwanan titi da dare zuwa masaukin Nanterre, fuskokin mutanen gaske. Hunturuna na farko na sha kiran 115, lambar agajin marasa matsuguni, ina neman wurin kwana, kafin wani ɗan garinmu ya shimfiɗa mini katifa a Montreuil. Carax ya san wannan sanyin.

Inda masu suka ke da gaskiya shi ne yadda fim ɗin ya nuna masoyan a daren wasan wuta na 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa. Wanda yunwa ke ci ba ya sulu a kan kogin Seine jirgin sata na jansa.