Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gurnanin Rediyon Baba

Makon jiya na tsaya a kan rabon gado, na kuma yi alkawarin shiga labarin zamana a Ƙauran Namoda. Ku yi mini haƙuri, maganar rediyon nan ta hana ni wucewa.

Sansui ne, mai farar fuska da akwatin katako. Baba ya saye shi da kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnati ta biya ma'aikata, a 1975, lokacin yana aikin reluwe a Gusau. Ranar da aka fito da kaya tsakar gida, Yaya ya taɓa shi da ƙafa a gaban Kawu ya ce, "Mi za a yi da wanga tarkace? Ya mutu, a ba 'yan gwangwan." Da ƙafa fa. Na ce a yi masa kuɗi a cire cikin rabona.

Maigidana da ya koya mini gyara a Sabon Gari, Allah ya jiƙansa, yakan ce rediyon da ke kuka bai mutu ba, yana gaya maka inda ke masa ciwo ne. Don haka ban taɓa sukurudireba ba sai da na zauna na saurara. Na haɗa shi da wuta ta cikin ƙwan fitila mai wat 60, yadda in akwai inda wayoyi suka haɗu da juna a ciki ƙwan zai haska, taransifoma ta tsira. Kuka iri uku na ji.

Na farko gurnani ne mai kauri a sifika biyun, ko an mayar da murya ƙasa gaba ɗaya yana nan. Wannan daga ɓangaren wuta yake. Manyan kondensa biyu da ke tace wutar sun bushe, ɗaya har ta kumbura, shekara da shekaru cikin zafin Gusau. Na sauke cajinsu kafin in sa hannu, domin ina yaron shago irinsu ta taɓa jefar da ni daga kan benci. Da na canza su, gurnani ya ɗauke.

Wannan gurnanin ne Baba ya yi ta yi mini magana a kansa. "In ka samu sarari ka duba mini." Ya faɗa kafin a ba mu jiha a 1996, ya faɗa bayan nan. Ni kuwa ina can ina gyaran bidiyon mutane saboda nan kuɗi suke. Aikin da bai kai awa biyu ba. Haka ya riƙa jin labaran Kaduna cikin gurnani har ya koma ga Allah.

Na biyu, ƙaraf-ƙaraf ɗin maɓallin murya, ƙurar hunturu ce kawai, na fesa masa maganin wanki na yi ta juyawa.

Na ukun ne ya kwana uku yana wahalar da ni. Sai rediyon ya yi kamar minti goma ya ɗau zafi, sannan ɓangaren hagu ya fara shuuu, yana fas-fas kamar ana suya. Na musanya sifikun, ƙarar ta tsaya a layin hagu, na san ba laifin sifika ba ne. Na bi allon da kayan cikin rediyon ke kai da gindin biro ina ƙwanƙwasawa, na sake narka dalma duk inda na ga ta tsage. A banza. Dare na uku maganar maigida ta dawo mini, na jiƙa auduga da sifirit ina ɗora wa ƙananan taransisto ɗaya bayan ɗaya. Ina sanyaya wani, sai tsit. Na duba lambarsa: 2SC458, ƙafafunsa sun yi baƙi ƙirin. Masu gyara sun san halinsa in ya tsufa. Na cire shi da 'yan uwansa duka na sa C1815, ina auna ƙafafu da mita kada in juya su.

Da asuba na kamo Kaduna, murya tas. Inna ta ɗaga labule ta ce, "Wa ya kunna rediyon Malam?" Ta zauna bakin ƙofa har aka gama labarai.

Yaya ya zo gaisuwar Sallah ya tarar da shi yana yi. Ya zagaya shi sau biyu, ya ce ai kuɗin da aka yi masa ranar rabo sun yi kaɗan. Yadda muka ƙare a gaban Kawu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.