Kalma mai harafi biyu da dogon tarihi

Kwanakin nan na shagala da karatu kan Erzya da Moksha, harsuna biyu 'yan'uwa da ake magana da su a Jamhuriyar Mordobiya da kewayen kogin Bolga a Rasha. Siffa ɗaya ce ta tsaya min a rai, wato od. A duka harsunan tana nufin sabo, tana kuma nufin matashi. Sabuwar shekara ma a Erzya od ije ce.

Da ganinta sai ka ce ai wannan ba ta da wani asali. Ina! Masana harsunan Yural, wato dangin harsunan da Erzya da Moksha suke ciki, sun bi sawunta har Finlan, inda ake cewa uusi. Kamannin ba ya fitowa sai an lanƙwasa kalmar ta zama uuden, nan harafin d ɗin nan yake bayyana. Mutanen Hangari kuwa új suke cewa, Samiyawan Arewa, mazauna can ƙuryar arewacin Turai, su ce ođas.

Abin da ya burge ni shi ne ƙarnuka da dama Rashanci na kewaye da Erzya da Moksha, ya kuma ba su aron kalmomi barkatai, amma a wannan wurin novi, kalmar Rashanci mai nufin sabo, bai kori od ba.