Laraba: kumfar sabulun Gwaggo

Ƙarfe shida da rabi na bar Agege, a Legas, da gorori biyu na sabulun ruwan da Gwaggo ke haɗawa tana sayarwa, ɗaya tsohon haɗi, ɗaya na bana. Masu wankin mota sun dame ta da ƙorafi, wai kumfar ba ta jimawa. Jiya da dare ta ce, "Ke da kike karatun kimiyya, duba mini mana." Haka na rungume su a danfo har Yaba.

A ɗakin gwaje-gwaje na kaɗa sabulun, na matse kumfar tsakanin gilasai biyu ta zama shimfiɗa ɗaya, fitila a baya, kyamara a gaba tana ɗaukar hoto duk daƙiƙa 30. Sauran aikin na manhajar ImageJ ne: ta mai da hoton baƙi da fari, ta raba ƙwayoyin kumfar da suka manne, ta ƙirga, ta auna girman kowace. Zagayen farko ya lalace, don hasken taga na ƙyalli a gilashin, sai manhajar ta riƙa ƙirga ƙwaya ɗaya a matsayin biyu. Baƙin mayafin da ke jakata na rataya a tagar, aka zauna lafiya.

A ido kumfar tana nan kamar ba abin da ya same ta, alhali a allo adadin ƙwayoyin sai raguwa yake. Iskar da ke cikin ƙaramar ƙwaya ta fi matsuwa, shi ya sa take ratsa bango ta koma cikin babba. Tun 1952 masanin lissafi von Neumann ya nuna cewa a irin wannan shimfiɗar, ƙwaya mai gefe ƙasa da shida ƙanƙancewa take, mai sama da shida kuma ta girma. Na sha karanta wannan, amma yau na zaɓi wata mai gefe biyar na bi ta hoto bayan hoto. Ta koma huɗu, ta koma uku, ta ɓace, maƙwabtanta suka rufe gurbin, bango uku-uku suna haɗuwa a kusurwar digiri 120 kamar yadda masanin kimiyya Plateau ya bayyana a 1873. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Tsohon haɗin a hankali yake tsufa haka. Na bana kuwa, da ruwan ya tsiyaye bangon ya sirance, sai fashewa, ƙwayoyi da yawa a lokaci guda, layin ƙidayar yana faɗuwa kamar matakala.

Bayan Magariba na nuna wa Gwaggo a waya. Ta yi shiru, sannan ta ce tun da Texapon, sinadarin da ke sa sabulun kumfa, ya yi tsada ta rage shi ta ƙara ruwa. Na ce, "Gwaggo, mu gwada ma'auni uku, mu ga mafi ƙaranci da zai riƙe kumfar." Asabar za mu shiga kasuwar sinadarai ta Ojota, ta ce in tashe ta da asuba.