Daga Beljiyam zuwa ga ƴan uwana na Garwa: kan ɓaunar da na gani a bango

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina gaisuwa, ya zafin Garwa. Wani abu ne ya hana ni barci shi ya sa na ce bari in rubuto muku.

Satin da ya wuce aka tura mu aikin fenti wani gida a wajen Brussels, ina shiga falo sai ga kan ɓauna a bango, ƙahonta sun sha mai suna ƙyalli, a ƙasa ɗan allo an rubuta Bénoué. Wallahi sai da na ajiye burushin. Benuwai ke nan, dajinmu na arewacin Kamaru ne fa. Nan take na tuna kawuna da aka kama kan barewa guda ɗaya da ya ɗana wa tarko a bakin gonarsa, aka kira shi barakoniye, wato mai farautar sata, sai da muka sayar da buhunan dawa kafin ya fito. Shi kuma maigidan nan jirgi ya hau ya biya kuɗi ya harbe ɓauna, an ba shi takarda har da hoto.

Kuma abin ba yau ya fara ba. Faransawa ne suka killace dazuzzukan Benuwai a 1932, Waza a 1934, Buba Njida da Faro a 1947, ba wanda ya tambayi masu noma da kiwo a wurin, bayan ƴancin kai aka mayar da su gandun ƙasa, kewayen Benuwai, Buba Njida da Faro kuma aka yanka shi zon-zon ana ba masu kamfanin farauta haya, yawancinsu Turawa.

Ni ba na goyon bayan a ƙarar da namun daji, Allah ya kiyaye. Karkandarmu ta tafi, a 2011 aka sanar irin tamu ta ƙare a duniya, kuma mun ga yadda mahara a kan dawakai suka kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida a 2012. Daji na buƙatar tsaro sosai.

Abin da ke ci min rai, a 2024 majalisar nan Beljiyam ta hana shigo da kawunan wasu dabbobin, wasu na tafi wasu na cewa kuɗin farauta ne ke riƙe dajin, duk muhawarar ba muryar manomin da giwa ta tattake masa gona a dare ɗaya, ba ta makiyayin da aka kama masa shanu don sun ƙetara layin da ba ya gani.

Don Allah ku da ke gida, ku je wajen jauro da lamido da magajin gari, ku tambaya kason kuɗin hayar zon da aka ce na ƙauyuka ne nawa ya shigo bana, me aka yi da shi. In kun samu amsa ku turo min ta WhatsApp.

Naku, ɗan Garwa a Beljiyam