Kofin shayin Baba

Yau da safe Baba ya ɗauki kofin shayinsa da kansa, ko ɗigo bai zubar ba. Alhamdulillahi. Shekara biyu hannunsa na karkarwa, dangi na cewa sammu ne, kafin likita ya gano cutar Parkinson ce, ya ɗora shi kan maganin levodopa.

Sai Arvid Carlsson ya faɗo mini a rai, masanin ƙwaƙwalwa ɗan Suwidin. A 1957 ya ba zomaye maganin da ya sandarar da su, da ya yi musu allurar L-dopa, wato levodopa ɗin nan, sai suka miƙe garau. Bincikensa ne ya nuna sinadarin dopamine, wanda L-dopa ke rikiɗewa ya zama a ƙwaƙwalwa, ke tafiyar da motsin jiki. Kyautar Nobel kuwa sai 2000, bayan shekara 43!

Likita ya ce maganin ba ya warkarwa, sauƙi kawai yake kawowa. Baba dai har ƙarin shayi ya nema.