Au, ɗinkin gida ne

Hunturun bana ya shigo da ƙarfinsa. Ruwan alwala ma sai da na ɗumama da asuba. Tarin Ummi ya dawo, ga shi kullum a bayan babur ɗin babanta take tafiya makaranta, iska na dukan wuyanta. Ni kuwa ba na yarda in naɗa mata gyale mai jela, kowa ya san abin da tayar babur take yi idan ta kama bakin mayafi ko hijabi. Suna fita na jawo keken ɗinki in yi mata abin rufe wuya.

Akwai ragowar yadin auduga mai ɗan kauri, ruwan toka, wanda ya rage daga kayan baccinsu. Na yanka inci 60 a tsawo, 20 a faɗi. Na ninka shi ta tsawon, fuska na kallon fuska, na bi dogon gefen da keke. Sai na zura hannu ciki na jawo baki ɗaya ya haɗu da ɗayan, na ɗinke su zagaye, na bar 'yar ƙofa faɗin yatsu huɗu. Ta nan na juyo shi, na rufe ƙofar da allura a hannu, ɗinki ƙanana yadda ido ba zai kama ba, na bi da dutsen guga. Ya fito zobe guda, babu bakin da zai yi lilo. Ka zura kai, ka murɗa, ka sake zurawa, ya zauna a wuya ninki biyu. Butterfly ɗin Inna miƙaƙƙen ɗinki kawai take yi, shi ya sa na guji yadi mai roba, don da an ja zaren yake tsinkewa.

Wallahi na ji daɗi. Ummi ta dawo ta saka, ta ƙi cirewa har lokacin Islamiyya.

Tana shirin fita Maman Khalifa ta shigo karɓar turmi. Idonta ya faɗa kan wuyan yarinyar, ta jawo ta tana shafa yadin.

"Maman Ummi, wannan fa? A Kwari kika samo, ko tsarabar Dubai ce? Kai, ya yi kyau! Nawa ne?"

Na ce, "Ni na ɗinka ɗazu da safe."

"Au, ɗinkin gida ne."

Sai ta cire shi daga wuyan Ummi, ta shiga jujjuyawa tana neman inda aka haɗa. Ta daɗe kafin ta gano. Ta miƙa mata ta ce, "To ai ba laifi, kin yi ƙoƙari. Na ɗauka na kanti ne." Ta ɗauki turminta, muka yi sallama lafiya lau.

Na san ba cin fuska ta nufa ba, matar nan ba ta da mugun hali. Amma maganar ta tsaya mini a rai har yanzu da nake rubutun nan. Yadin bai canza ba, ɗinkin bai canza ba. Abin da ta ce ya yi kyau har tana tambayar kuɗinsa, da ta ji hannuna ne ya yi sai ya koma "ba laifi". Na kanti ba a juya shi a nemi aibu, a leda ake karɓa a biya a tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne mu fa mutane ne masu daraja aikin hannu. Mijin Maman Khalifa ba ya zuwa masallacin Juma'a sai da zanna bukar a kansa, kuma da yawa daga cikin hulunan nan mata ne suke ɗinka su a tsakar gida, makonni suna bin zane da allura har idonsu ya yi ja. Babbar riga idan aka ce aikin hannu ce, aska takwas, kuɗinta ya wuce na keke nesa ba kusa ba, mai ita har ɗaga kafaɗa yake yi. To me ya sa idan mace ta zauna ta ɗinka wa 'yarta abin sawa sai a ga kamar rashi ne ya sa ta? Na kantin ma ai wani ne ya zauna gaban keke ya ɗinka, a ƙasar Sin ko wani wuri, ba mu dai san fuskarsa ba.

Inna ta faɗo mini a rai. Duk kayan sallarmu ita take ɗinkawa a keken nan. Turmin atamfa yadi shida, ta fitar da riga da zani da ɗankwali, ƙyallen da ya rage ta haɗa wa Auta 'yar riga. Ba mu taɓa kwana a shagon tela ranar jajibiri muna jiran alkawari ba. Ban sani ba ko ita ma an sha gaya mata irin wannan maganar ta haɗiye. Ba ta taɓa faɗa mana ba, kuma yanzu babu damar tambaya. Allah ya jiƙanta, ya kai haske kabarinta.

Miyar kuka da daddare. Wuta ba ta zo ba.

Baban Ummi ya gwada na yarinyar, ya ce a yi masa baƙi, ya fi wannan faɗi, yadda zai rufe hanci saboda ƙura. Bel ɗin keken ya fara saki, sai an rage shi kafin in taɓa nasa, man keke ma ya ƙare.

Yaya ta kira bayan isha'i, na ba ta labari. Ta ce in ɗinka da yawa in sa a WhatsApp, in liƙa musu 'yar lamba a jiki in zuba a leda, kada in ce wa kowa ni na yi, zan ga yadda za a yi rububi. Wataƙila gaskiyarta ce. Ni dai na ce mata idan zan sayar, da sunana zan sayar.